Jimla Ɗaya, Bishiya Biyu

Mu biyar ne a ofishin, a saman wani shagon sayar da kayan waya a Kano. Dukkanmu kimiyyar kwamfuta muka karanta, dukkanmu mun haura talatin, kuma kafin daminar da za mu ba da labarinta babu ɗayanmu da ya taɓa lissafa rubutu a cikin sana'arsa. A wurinmu aiki shi ne kod. Takardar bayanin aiki, da saƙon da manhaja za ta aika wa mutane, da wasiƙar da za a tura wa mai aiki, duk muna yin su ne a gurguje, da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi.

A shekarar wata ƙungiyar manoma ta ba mu aikin manhajar da za ta riƙa kula da bashin taki da sayen hatsi. Shugabanninta suka ce a rubuta musu komai da Hausa domin su karanta su sa hannu, muka ce ai wannan mai sauƙi ne, harshenmu ne. Bayan zaman farko ɗayanmu ya rubuta ƙa'idojin da aka amince da su, a ciki har da wannan jimlar: “Za a ba manoma da dillalai masu rajista bashin taki.” Kowa ya karanta, kowa ya gyaɗa kai, aka sa hannu.

Wanda ya rubuta jimlar yana nufin manoma masu rajista da dillalai masu rajista. Wanda ya mayar da ita kod kuwa ya bi ta kalma bayan kalma, ya ce wa na'ura ta zaɓo wanda yake manomi, ko dillali, kuma mai rajista. Bai sa baka biyu a ko'ina ba. A yawancin harsunan kwamfuta, irin su C da Java da Python da SQL, idan “ko” da “kuma” suka haɗu a layi ɗaya ba tare da baka ba, na'ura tana fara ɗaure “kuma” kafin ta waiwayi “ko”. Saboda haka abin da ta fahimta shi ne: duk wani manomi, da kuma dillalin da ya yi rajista. A cikin ma'ajiyar bayananmu kuwa akwai sunayen manoman da suka taɓa sayar wa ƙungiyar hatsi amma ba su yi rajista ba. Ranar da aka buɗe rabo, su ma saƙo ya shiga wayoyinsu cewa su zo su karɓi taki.

Farkon damina ne, lokacin da kwana uku kan iya raba mai albarka da mai asara. Mutane suka bar gonakinsu, suka biya kuɗin babur daga ƙauyuka, suka zo suka tarar sunansu ba ya cikin littafin mai sito. Mu biyu daga cikinmu muka je washegari domin ba da haƙuri. Wani dattijo da ya kwana a garin saboda ba shi da kuɗin komawa ya saurare mu har muka gama bayanin na'ura, sannan ya ce, “Yarana, ni fa ban nemi bashi ba. Ku kuka kira ni.” Muka ce, “Gaskiya ne, Baba, laifinmu ne.” Muka biya masa kuɗin mota, amma yinin aikin da ya rasa ba mu da yadda za mu mayar masa da shi.

Da muka koma ofis gardama ta kaure. Mai kod ya ce abin da aka rubuta shi ya bi. Mai rubutu ya ce duk Bahaushen da ya ji jimlar ya san me ake nufi. Can sai mace ɗaya tilo da ke cikinmu ta tashi ta ɗauki alƙalamin allo ta zana bishiya biyu. A ta farko, “masu rajista” ta rataya a reshen da ya haɗa manoma da dillalai gaba ɗaya. A ta biyu, ta rataya a jikin dillalai kaɗai, manoma suna tsaye su kaɗai a nasu reshen. Ta ce duka biyun Hausa ce ingantacciya, babu wadda malamin nahawu zai ja wa jan layi. Ofishin ya yi tsit, domin abin da muka yi awa guda muna musu a kansa ga shi nan a allo, kowa yana gani.

Abin kunyar shi ne duk mun san irin wannan bishiyar. A aji uku na jami'a mun yi darasin yadda ake gina kompaila, wato manhajar da ke juya abin da muka rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. A can muka haɗu da Noam Chomsky, masanin harshe ɗan Amurka, wanda a 1956 ya rarraba nau'o'in nahawu gwargwadon ƙarfinsu, ya kuma fitar da littafinsa kan ginin jimla a 1957. A can muka koyi tsarin da John Backus da Peter Naur suka yi amfani da shi wajen bayyana nahawun harshen ALGOL 60 a 1960. An gaya mana ma cewa fiye da shekara 2,000 kafin su, Panini ya tsara nahawun Sanskrit a Indiya cikin ƙa'idoji kusan 4,000. Mun zana bishiyoyi har hannu ya gaji. Mun ci jarrabawa a kan matsalar “idan” biyu da “in ba haka ba” ɗaya, inda ake tambayar wane “idan” ɗin ne ya mallaki “in ba haka ba”, mun kuma haddace cewa C da Java sun yanke hukunci su ba mafi kusa. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa wannan ilimi yana da abin cewa game da Hausar da muke rubutawa kullum ba.

Sai muka shiga bincike, kamar yadda masu sana'armu suka saba idan abu ya ƙona su. Muka gano cewa zana jimla tsohon abu ne a makarantun Amurka. Wani malami mai suna Stephen Clark ya fara a 1847, yana sa kalmomi a cikin da'irori. A 1877 Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, waɗanda ke koyarwa a Brooklyn, suka fito da tsarin da ya shahara: a ja layi a kwance, a sa aikau a hagu, a raba shi da aikatau da layi a tsaye, karɓau ya biyo baya, sifofi da bayanau kuma su sauko a kan layuka masu karkata a ƙarƙashin kalmar da suke fayyacewa. Yaran Amurka sun shafe shekaru masu yawa suna wannan zane a kan allo. Ƙanwar ɗayanmu da ke karanta Hausa a jami'a ta yi mana dariya, ta ce ai ba sai mun je Amurka ba, a sashensu sunan abin bishiyar li'irabi, kuma jimla irin tamu suna ce mata mai harshen damo. Ta aro mana littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, muka ajiye shi a kan teburin da muke cin abinci.

Muka yanke shawara: wata guda, duk jimlar da za ta shiga takardar ƙa'idoji sai an zana ta. Makon farko abin ya yi daɗi. Mun kama jimloli da dama masu irin ciwon waccan, kusan duka a wurin da “da” ko “ko” suka haɗa abubuwa biyu sannan sifa ta biyo baya. Waccan ta taki muka mayar da ita, “Duk wanda ya yi rajista, manomi ne ko dillali, za a ba shi bashin taki.” Bishiya ɗaya tak take da ita. Mun kuma gane cewa ba mu kaɗai irin wannan ke cizo ba. A jihar Maine ta Amurka, rashin waƙafi ɗaya a dokar biyan kuɗin ƙarin lokacin aiki ya sa jimlar ta karantu hanya biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan direbobin wani kamfanin madara a 2017, aka sasanta a 2018 a kan dala miliyan 5. Wannan ya ɗan sanyaya mana rai.

A mako na biyu bishiyar ta gaza mu. Ga jimlar: “Idan wakili ya karɓi hatsin manomi ya tura lambarsa a biya shi.” Mun zana ta tsaf, kowace kalma ta hau reshenta. Babban cikinmu, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaure kafin ya shiga jami'a, ya dube ta ya ce, “Lamirin nan ga wa yake komawa? Lambar wa, wakili ko manomi? Wa kuma za a biya?” Bishiyar ba ta da amsa, domin tana nuna inda kalma ta rataya ne kawai, ba ta nuna wanda “shi” ke nuni gare shi. Ya ƙara da cewa “ya” ɗin nan na biyu ma harshen damo gare shi. In an ja shi, ko an ɗaga sautinsa, labari ne, wato wakili ya riga ya tura. In an sauke shi umarni ne, wato ya kamata ya tura. A baki ba a ruɗewa, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka takarda ta haɗiye bambancin.

Ya ba mu labarin yadda malaminsa ke yi a darasin Ajuruma, ɗan littafin nahawun Larabci da Ibn Ajurrum mutumin Fas, wanda ya rasu a 1323, ya wallafa. Ɗalibi ba ya wuce jimla sai ya faɗi wane ne fa'ili, wane ne maf'uli, da dalilin wasalin ƙarshen kowace kalma. Ya ce Zaidu ya shekara ɗaruruwa yana dukan Amru a misalan nahawu, amma ba a taɓa barin ɗalibi ya tashi bai san wa ya daki wa ba. Abin da ya rage masa daga wancan karatun, in ji shi, tambayoyin ne, domin yawancin ƙa'idojin sun zube masa. Da tambayoyin muka gyara jimlar: “Idan wakili ya karɓi hatsi, wakilin zai tura lambar manomin. Daga nan sai a biya manomin.” A sakandare an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a insha'i. A nan maimaitawar ce ta hana kuɗin wani shiga aljihun wani.

A mako na uku muka ci karo da abin da ya fi ba mu mamaki. Akwai saƙon da manhajar ke nunawa idan sunan mutum bai dace da na katinsa ba, wanda muka ɗauka shi ne mafi kyawun abin da muka rubuta: “Ba a sami nasarar kammala aikin tantance bayanan asusunka ba sakamakon rashin daidaituwar bayanan da aka shigar.” Nahawunsa lafiya lau, bishiyarsa ɗaya ce, babu lamirin da ya ɓata hanya. Ma'ajin ɓangaren mata na ƙungiyar, wata hajiya da ta girme mu duka, ta zo ofis a kan wani lamari, muka miƙa mata waya muka ce, “Hajiya, don Allah karanta mana wannan.” Ta karanta a hankali har ƙarshe, ta ɗago kai ta ce, “To, yanzu me zan yi?” Kafin mu ba ta amsa ta sake duba wayar ta ce, “Kuma ni ce ‘asusunka’?”

Tambayarta ta biyu ta nahawu ce, kuma ta kama mu da gaskiya. Turancin da muka saba gina manhaja da shi ba ya bambanta mace da namiji idan ana magana da mutum, Hausa kuwa tana bambantawa, mu kuma mun yi watanni muna kiran mata da “ka”. Tambayarta ta farko kuwa babu bishiyar da za ta taɓa yi mana ita. Mun rubuta saƙon ne daga inda na'ura take tsaye, muna ba da rahoton abin da ya faru a cikinta, alhali mai riƙe da waya so take ta san abin da za ta yi da ƙafarta da hannunta. A gabanta muka sake shi: “Sunan da aka rubuta bai yi daidai da na katinki ba. Ki je wurin wakili da katin a gyara.” Ta ce, “Yauwa. Da haka kuka ce tun farko.”

Daga ranar muka daina yarda cewa ingancin nahawu da fitar ma'ana abu ɗaya ne. Mutum yana iya cewa tsohuwar Laraba ta daka inuwar lissafi a turmin gobe, a zana masa bishiya mai kyau, aikau a wurinsa, aikatau ya dace da jinsinsa, amma bai faɗi komai ba. Mu da ke rubuta kod ya kamata mu fi kowa sanin haka. Kompaila ba ta karɓar layin da nahawunsa ya karye, saboda haka duk manhajar da ta taɓa cutar da wani, nahawunta daidai yake. Wadda ta kira dattijon nan daga gonarsa ba ta da kuskuren ginin jimla ko ɗaya.

Masu bincike sun daɗe da isa inda muka isa. A 1963 Richard Braddock da abokan aikinsa biyu suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan koyar da rubutu a Amurka, suka kammala da cewa koyar da nahawu shi kaɗai ba ya ƙara wa rubutun ɗalibai wani abin kirki, yana ma iya cutarwa idan ya cinye lokacin da za a yi rubutun kansa. A shekarun 1970 aka bi ɗaliban wata sakandare a New Zealand har shekara uku, wasu ana koya musu nahawun gargajiya, wasu irin na Chomsky, wasu kuma babu nahawu sai ƙarin karatu da rubutu, a ƙarshe ba a ga wani bambancin a zo a gani a rubutunsu ba. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka sake tattara bincike, suka ga abin da ke taimakawa shi ne irin atisayen da ake ba ɗalibi gajerun jimloli ya haɗa su ta hanyoyi daban-daban. Sai a 2012 Debra Myhill da abokan aikinta a Jami'ar Exeter ta Ingila suka nuna cewa idan aka koyar da nahawu a cikin rubutun da ɗalibi yake yi, ana nuna masa abin da kowane zaɓi ke haifarwa ga mai karatu, rubutun yana inganta, musamman ga waɗanda dama hannunsu ya fara faɗawa. Duk waɗannan a kan yara masu Turanci aka yi su, amma sun yi daidai da abin da muka gani a ofishinmu. Bishiya ta amfane mu ne ranar da muka zana jimlarmu, wadda ta riga ta jawo mana magana. Ɗaruruwan da muka zana don jarrabawa ba su hana mu rubuta ta ba.

Idan muka tambayi kanmu inda muka samo ɗan kunnen da muke da shi na jin jimla ta zauna ko ba ta zauna ba, ba darasin nahawu muke tunawa ba. Muna tuna ajin firamare inda ake sa mu karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, da labaran rediyo da iyayenmu ke saurare da asuba, da kakanni masu tatsuniya waɗanda ba sa taɓa barin yaro ya rasa gane ko Gizo ne ya yi magana ko Ƙoƙi. Wanda ke ba da labari da baki yana kallon fuskar mai sauraro, da ya ga gira ta haɗe sai ya koma ya gyara. Mai rubutu ba shi da wannan gatan, shi ya sa yake buƙatar wani abin da zai tsaya a madadin fuskar.

Duk da haka ba za mu ce nahawu bai da rana ba, domin akwai inda shi kaɗai ya cece mu. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai tsarin ya sauya, ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Don tsimi muka so mu zubar da ƙugiyoyin. Sai ga saƙon gwaji ya fito: “An bata kudin.” An ba ta kuɗin ne, ko an ɓata kuɗin? Wanda ya san cewa “ta” a nan wakilin suna ce, kalma mai zaman kanta, ba zai manne ta da “ba” ba, ko da babu ƙugiya ma'ana za ta tsira. Ƙa'idar raba kalma da haɗe ta, wadda yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi a WhatsApp, a kan nahawu take zaune. Mun bar ƙugiyoyin a inda rashinsu zai sauya magana, muka rage tsawon saƙonnin, ƙungiyar ta yarda ta biya ɗan abin da ya ƙaru.

Watan gwajin ya ƙare, ba mu sabunta dokar zana kowace jimla ba. Tana cin lokaci, kuma jimla tara cikin goma ba su da abin ɓoyewa. Abin da ya rage mana ɗan kaɗan ne. Idan mutum biyu suka karanta jimla suka fahimci abu biyu, ba a musu, allo ake nufa. Duk inda “shi” ko “ta” ko “su” suka biyo bayan sunaye biyu, sai an tambayi ga wa suke komawa. Mun aro wata al'ada daga masu tsara ƙa'idojin intanet, waɗanda tun 1997 suka ware kalmomin da ke nuna wajibi da waɗanda ke nuna shawara da waɗanda ke nuna zaɓi, muka tsayar da namu: “dole”, “ya kamata”, “ana iya”, ba ma musanya ɗaya da ɗaya. Babban namu ya ce wannan ai tun a Ahalari ya san bambancin farilla da mustahabbi. Sannan babu saƙon da ke fita sai wani wanda ba ya cikinmu ya karanta shi da ƙarfi ya gaya mana abin da zai yi bayan ya karanta. Wani lokaci mai shagon ƙasa ne, wani lokaci mai kawo mana abinci.

Da damina ta zagayo, ƙungiyar ta sake buɗe rabon taki. Daren da za a aika saƙonni mun zauna har bayan isha'i muna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, muna gwada su da littafin mai sito. Sunan dattijon nan yana ciki, ashe ya yi rajista da rani. Muka karanta saƙon da zai shiga wayarsa sau uku, muka kira mai gadin ginin ya karanta mana shi na huɗu. Ya ce, “Cewa aka yi ya je sito ranar Talata da katinsa.” Muka ce haka ne, sannan muka tura.